Yadda Makaranta Za Ta Tsara Dokar Aski da Kitso Ba Tare da Ta Tozarta Yaro Ba

Duk makon da aka koma karatu bayan hutun Sallah, shugabannin makarantun firamare da ƙananan sakandare a Zariya sun san abin da zai tarye su a filin taron safe. Yara maza za su zo da askin da aka kwashe gefe da gefe aka bar tsiri a tsakiya, wasu an zana musu layi da reza irin na 'yan ƙwallo, 'yan mata kuma da kitson biki mai ƙarin gashi da lalle har gwiwar hannu. Daga Tudun Wada zuwa Samaru, daga Gyallesu zuwa Muciya, abin da aka saba gani shi ne malamin horo ya ɗauko almakashi ya bi layi yana datse wa yara gashi a tsakiyar kai, domin dole ta sa a je gida a aske sauran.

Makaranta tana da haƙƙin kafa doka a kan sutura da gashi, kuma ya kamata ta kafa, domin kayan makaranta iri ɗaya suna rage tazarar da ke tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka a cikin aji. Sai dai yaro ɗan shekara 6 ko 8 ba shi ya kai kansa shagon aski ba, ba shi ya biya kuɗin ba, kuma yarinya 'yar aji uku ba ita ta zaɓi kitson da aka yi mata ba. Wanda ya hukunta su a kan wannan ya bar jaki yana dukan taiki. Saboda haka duk tsarin da za a bayyana a nan ya ginu ne a kan cewa maganar gashin ƙaramin yaro magana ce tsakanin makaranta da iyayensa.

A fara da rubuta dokar

Yawancin rigimar da ake yi a ƙofar ofishin shugaban makaranta tana tasowa ne daga dokar da ba a rubuce take ba, wadda kowane malami yake fassarawa yadda ya ga dama. Idan aka ce kawai “a yi askin kirki”, malam ɗaya zai ga saisaye ya wadatar, wani kuma ba zai gamsu ba sai an yi ƙwal-kwabo, uba kuwa zai rantse cewa askin ɗansa na kirki ne. Dole ne a rubuta dokar da kalmomin da mai aski da mai kitso za su fahimta idan an karanta musu. Ga misalin yadda za a iya rubuta ta maza: “Gashin ɗalibi ya kasance gajere, tsawonsa ɗaya a ko'ina a kai, ba zane, ba rini, ba tsiri.” Ta mata kuma: “Kitso ya kasance da gashin yarinya na kanta, ba ƙari, ba duwatsu ko wani abin ado, kuma ya kwanta yadda hijabi ko ɗankwali ko hular makaranta za su zauna a kai.” A liƙa hoto ko zane na abin da aka yarda da shi a allon sanarwa, domin ba dukkan iyaye ne suke karanta boko ba. A makarantun Sabon Gari da Samaru da Wusasa, inda ake da 'ya'yan ƙabilu daban-daban, a fitar da takardar da Hausa da Turanci.

Kafin a saka kowace doka a takarda, a tambayi abin da take karewa. Idan amsar ita ce tsafta, ko lafiya, ko kunya da kamun kai, ko hana gasar ado, to dokar tana da gindin zama. Idan amsar ita ce “haka muka tarar”, a ajiye ta. Al'adar da wasu makarantu suka ɗauka ta sanar da kitson mako, a ce wannan makon kowa shuku, mako mai zuwa kowa kalaba, tana cikin waɗanda ba su da wata hujja mai ƙarfi, kuma tana jefa uwa mai 'ya'ya mata uku ko huɗu cikin kashe kuɗin mai kitso kowane ƙarshen mako. Ya fi sauƙi a ambaci kitso biyu ko uku marasa ado, a bar uwa ta zaɓa, a kuma yarda kitson ya yi mako biyu muddin yana da tsafta. Akwai ma dalilin lafiya a nan: tsifa da sabon kitso mai tsauri a kai a kai suna cinye gashin gaban goshin yarinya, kuma idan abin ya daɗe gashin yana iya ƙin dawowa.

A ɓangaren yunifom, ƙa'ida mafi adalci ita ce makaranta ta faɗi launi da irin yadi da fasalin ɗinki, sannan ta bar iyaye su saya a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada su kai wa telansu. Makarantar da ta ce sai a wurinta za a sayi komai har safa ta buɗe ƙofar zargin cewa ciniki take yi da dokar. Kada a manta da rigar sanyi. Hunturun Zariya ba abin wasa ba ne a watannin Disamba da Janairu, kuma malamin da ya sa yaro ya tuɓe rigar sanyi da ƙarfe bakwai na safe don launinta bai dace ba ya fifita launi a kan ƙirjin yaron.

Bayan an rubuta daftari, a kai shi taron ƙungiyar iyaye da malamai, a makarantun gwamnati kuma a gabatar da shi ga kwamitin al'umma da ke sa ido a kan tafiyar da makaranta. A tabbata iyaye mata sun sami damar magana, domin su ne suke fama da tsifa da wanki da guga, alhali sau da yawa maza ne suke cika kujerun taron. Idan an amince, a ba kowane mahaifi kwafi lokacin ɗaukar ɗalibi, ya sa hannu ko ya dangwala. Sabuwar doka ta fara aiki a farkon zango, bayan an sanar da ita tun kafin a tafi hutu, ba a tsakiyar zango ba.

Waɗanda za a yi wa sassauci tun a takarda

Dokar da ba ta tanadi uzuri ba za ta karye ranar da mai uzuri na farko ya bayyana. Uzuri na farko shi ne addini. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa, kuma a kan wannan sashe ne Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 17 ga Yuni, 2022, da rinjayen alƙalai 5 a kan 2, cewa ɗalibai mata Musulmi suna da damar sanya hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. A Zariya ba kasafai ake jayayya a kan hijabi ba, amma 'yancin nan ba na ɓangare ɗaya ba ne. Yadda ba za a cire wa yarinya Musulma hijabi ba, haka nan ya kamata makarantar da ta karɓi yarinya Kirista ta tanadar mata hula ko ɗankwali mai launin yunifom. Makaranta tana da damar ƙayyade launin hijabi da tsawonsa, kuma ya kamata ta yi hakan musamman ga ƙananan yara da masu shiga ɗakin gwajin kimiyya, inda hijabi mai jan ƙasa ko mai yalwar hannu yake iya zama haɗari kusa da wuta.

Akwai kuma yaran da ake haifa da gashi a cukurkuɗe, waɗanda Yarbawa suke kira dada, kuma wasu iyalai ba sa yarda a aske shi sai an cika wasu sharuɗɗa na al'adarsu. Malami yana iya ganin wannan camfi ne, amma ra'ayinsa ba ya ba shi ikon sa almakashi. A Gana, a shekarar 2021, makarantar Achimota ta ƙi karɓar wasu ɗalibai biyu mabiya Rastafari saboda dogon gashinsu, kuma babbar kotu ta umarce ta da ta karɓe su. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a zauna da iyaye tun ranar rajista a yi yarjejeniya a rubuce, misali a riƙa ɗaure gashin ko a rufe shi da hula.

Uzuri na biyu shi ne lafiya. Yaro zabiya yana buƙatar hula mai baki da riga mai dogon hannu saboda rana tana ƙona fatarsa. Yaron da gashinsa yake zubewa saboda wata cuta, ko mai tabon ƙuna ko na tiyata a kai, a bar shi ya rufe kansa idan yana so. Takardar asibiti ko bayanin mahaifi ya wadatar, kuma ba sai an sanar da dalilin a gaban aji ba.

Ranar dubawa da yadda ake yin ta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duba kai da farce ranar Litinin da safe, sannan a yanke hukunci nan take. A lokacin uba ya tafi kasuwa ko ofis, mai kitso ba ta zauna ba, kuma babu abin da yaron zai iya gyarawa kafin a tashi. A mayar da dubawar zuwa ƙarshen makon karatu, a aika wa gida da sanarwa a ranar, sannan a sake dubawa ranar Litinin. Hutun ƙarshen mako shi ne lokacin da iyali suke da sararin zuwa wurin mai aski ko zama a yi tsifa da wanke kai. Bayan Sallah kuwa, a ba da mako ɗaya cur na rangwame a rubuce, kuma kada a hukunta yarinya a kan lalle, tunda ba abu ne da ake wankewa ya fita a rana ɗaya ba.

Malamin aji ne ya kamata ya yi dubawar a cikin ajinsa, ba malamin horo a gaban dukan makaranta ba. Kan yarinya malama ce za ta duba shi, a keɓe, ba tare da an cire mata hijabi ko ɗankwali a gaban maza ba. Kada a ba shugabannin ɗalibai wannan aiki. Yaro ɗan shekara 14 da aka ba ikon hukunta na ƙasa da shi a kan kamanninsu zai yi amfani da ikon wajen ramuwa ko karɓar kuɗin tara, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san haka.

Dubawar tana da amfanin da ya fi kama mai laifi, wato gano kwarkwata da amosani da makero. Makero cuta ce ta fatar kai mai yaɗuwa ta mataji da hula da injin aski, kuma wanda ya kama fatar kai ba kasafai man shafawa kaɗai yake kawar da shi ba, sai an haɗa da maganin sha na makonni bisa umarnin likita. Malamin da ya ga farin tabo mai zagaye a kan yaro ya rubuta wa iyaye su kai shi asibiti, ya kuma guji kiran sunan cutar a gaban 'yan ajinsu, domin laƙabin da yara za su liƙa masa zai daɗe fiye da tabon.

Sanarwar da za a aika gida ta kasance gajera, cikin girmamawa. Misali: “Assalamu alaikum. Muna sanar da Malam cewa askin da aka yi wa ɗanka bai dace da ƙa'ida ta 3 ta takardar da aka sa wa hannu ba. Muna roƙon a daidaita masa gashin kafin ranar Litinin. Idan akwai wani uzuri, ƙofar shugaban makaranta a buɗe take.” Idan kiran waya za a yi wa uwa, a fara da gaisuwa da tambayar mutanen gida, sannan a ce, “Hajiya, wata 'yar magana ce a kan kitson yarinyarmu.” Uwar da aka ce wa “yarinyarmu” ba ta ɗaukar maganar a matsayin tsiya.

Dalilin da ya sa almakashi ba zai taɓa kan ɗalibi ba

Wannan ita ce ƙa'idar da shugaban makaranta zai faɗa wa kowane sabon malami ranar da ya kama aiki, ya kuma rubuta ta a littafin dokokin ma'aikata: babu malamin da zai yanke ko ya aske gashin ɗalibi, ko da wane irin aski ya zo da shi.

Dalili na farko na lafiya ne. Reza ko almakashi ɗaya da aka bi kan yara goma da shi yana iya ɗaukar makero daga kai zuwa kai, kuma idan aka yi rashin sa'a ya yanki fata, ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye. Makarantar da take koyar da darasin kiwon lafiya tana gargaɗin yara kada su yi tarayya a reza ba ta da bakin kare kanta idan malaminta ya aikata hakan a filin taro.

Dalili na biyu na shari'a ne. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya hana wulaƙanta ɗan Adam, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta maimaita wannan kariya ga yara a sashe na 11, jihar Kaduna kuma tana da tata dokar ta walwala da kare yara tun 2018. A 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufa ta ƙasa a kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu. Malamin da ya riƙe kan yaro da ƙarfi ya datse masa gashi a bainar jama'a, balle a ce ya ji masa rauni, ya jefa kansa da makarantarsa cikin abin da uba mai sanin haƙƙinsa zai iya kai ƙara a kai. Ɗaukar hoto ko bidiyon yaron a sa a WhatsApp ko Facebook don ya zama darasi ga wasu ya fi askin muni, domin gashi yana tsirowa cikin makonni, hoton kuwa babu mai iya janye shi.

Dalili na uku ya shafi makarantun da suke kafa hujja da addini, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani sosai. Gaskiya ne Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a aske wani sashe na kan yaro a bar wani, kuma a ruwayar Abu Dawuda ya ce a aske shi duka ko a bar shi duka. Wannan hujja ce mai kyau ga makarantar Musulunci ta hana askin tsiri, kamar yadda malamai suka daɗe suna wa'azi a kan zanko da tukku da aka saba bar wa yara a ƙasar Hausa. To amma malamin da ya buɗe hanya da almakashi a tsakiyar kan yaro ya sake shi ya bi titi har gida, shi da hannunsa ya aske wani sashe ya bar wani. Kuma hanin da ke cikin hadisin ga manya yake fuskanta, waɗanda suke yi wa yaron askin, tunda alƙalami bai hau kan wanda bai balaga ba.

Masu kare almakashi sukan ce ita kaɗai ce hanyar da iyaye suke ji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a cewa wasu iyayen ba sa amsa takarda. Amma abin da yaron yake koya daga wannan horo shi ne mai ƙarfi yana iya taɓa jikinsa ba da izininsa ba kuma jama'a su yi dariya, wanda kishiyar tarbiyyar da ake nema ce. Haka hukuncin yake ga bulala da tsallen kwaɗo da durƙuso a rana a kan laifin gashi.

Idan gida ya ƙi gyarawa

Idan Litinin ta zo ba a gyara ba, yaron ya shiga aji ya yi karatunsa, a kuma gayyaci mahaifi ko mariƙinsa ya zo da kansa. Korar yaro gida da safe saboda gashi ba ta dace ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, kuma yaron da aka koro da ƙarfe takwas ba lallai ne gida ya nufa ba, wataƙila tasha ko gidan kallon ƙwallo zai tafi, ga titunan Kwangila da Ƙofar Doka da ba su da sauƙin tsallakawa ga ƙaramin yaro shi kaɗai.

Kafin a ɗauka taurin kai ne, a bincika. Sau da yawa yaron da gashinsa ya taru maraya ne a hannun kaka, ko uban yana nesa wurin neman abinci, ko uwar tana jinya. Irin wannan ƙaramin asusun ƙungiyar iyaye da malamai yana iya ɗaukar nauyinsa, ko a yi magana da wani mai shagon aski na unguwa ya riƙa yi wa yaran da aka turo masa a kan rangwame, da sharaɗin amincewar mariƙin yaron da tsaftace injin tsakanin kai da kai. Tsofaffin ɗaliban da suka gama suna iya barin yunifom ɗinsu da bai lalace ba a ajiye wa mabuƙata, a riƙa bayarwa a ofis ba tare da shela ba.

Idan kuwa mahaifi mai hali ne ya ce shi haka yake son askin ɗansa, a nuna masa takardar da ya sa wa hannu, a rubuta abin da aka tattauna, a ba shi wa'adi na ƙarshe, sannan a miƙa maganar ga shugabannin ƙungiyar iyaye, waɗanda sau da yawa sun fi malamai iya shawo kan ɗan'uwansu. Makaranta mai zaman kanta tana iya sanar da shi cewa ba za ta sabunta rajistar yaron a shekara mai zuwa ba, amma ta bar shi ya kammala zangonsa ya rubuta jarrabawarsa.

Ɗaliban da suka kai shekara 13 zuwa sama lamarinsu ya ɗan bambanta, domin su suke zuwa shagon aski da kansu su nuna hoton da suke so a waya. Irin wannan ɗalibi a kira shi ofis a yi masa magana shi kaɗai, a ba shi kwana biyu ko uku ya gyara, idan ya maimaita a ba shi aikin da zai amfani makaranta bayan an tashi, kamar jera littattafai a ɗakin karatu, tare da sanar da gida. Malamai maza su ma su dubi kawunansu, domin ɗalibi ba zai ga hikimar dokar da malamin lissafinsa yake takawa kullum ba.

Ga mahaifin da ɗansa ya dawo gida da kai a datse, abin da ya fi amfani shi ne ya fara duba ko akwai rauni, ya ɗauki hoto don ajiyewa a matsayin shaida, ya kai yaron a daidaita masa gashin a ranar don kada ya kwana da abin kunyar. Idan fata ta yanku, a je asibiti a faɗa wa likita cewa da abin da aka yi wa wasu amfani da shi aka yanke shi. Washegari ya je wurin shugaban makaranta, ba wurin malamin kai tsaye ba, ya nemi a nuna masa dokar a rubuce da inda ta ba malami izinin yin aski, ya kuma bar ƙorafinsa a takarda mai kwanan wata ya riƙe kwafi. Idan makarantar ba ta saurare shi ba, firamaren gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari, makarantu masu zaman kansu kuma suna ƙarƙashin sa idon hukumar tabbatar da ingancin makarantu ta jihar Kaduna, kuma can ne zai kai kwafin takardar tasa tare da hoton.